Tallar Tattabarun Bawa

Kwanakin baya wasu samari suka same ni a rumfar da nake zama bakin tashar Gummi, suna ta gardama a kan inda za su tallata ƙungiyarsu ta ƙwallo. Wannan ya ce a buga takarda, wancan ya ce ina, a saka a waya kawai, kafin la'asar duniya ta gani. Da suka gaji sai suka juyo kaina, wai tunda ni tsohon mai talla ne in raba musu gardama. Ƙaramin cikinsu har da cewa ai sana'armu ba ta da wuya, baki ne kawai da rashin kunya. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na ce su jawo benci in ba su labarin wata ƙungiya da na taɓa yi wa talla, wadda 'ya'yanta ba gudu suke yi a fili ba, tashi suke yi sama.

Sunana Sani, amma daga Anka har Gummi, in ba ka ce Sani Lasifika ba, ba wanda zai nuna maka gidana. Wanda ya koya mini aiki shi ne Baba Nomau sankira, wato mai shelar gari, ɗan siririn tsoho da in ka gan shi sai ka ce iska za ta kwashe shi, amma in ya buɗe baki a bakin gulbi ana jin sa a wancan ƙetaren. Na daɗe ina bin sa kasuwa-kasuwa, ina riƙe masa buta da buzu, bai taɓa bari na ce uffan ba.

Aikina na farko cigiyar jaka ce, wato macen jaki. A kasuwar Anka wata tsohuwa ta zo tana kuka, jakarta mai yankakken kunne ta tsinke da mangala a bayanta. Baba ya dube ni ya ce, "Tahi ka gwada." Na ruga tsakiyar kasuwa, inda ta fi cika, na hau kan wani turmi na yi ta kwarara ihu har muryata ta dushe. Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba, sai mai turmin da ya ce in sauka. Baba ya kama hannuna ya kai ni rumfar wanzamai, inda mutane suka yi layi suna hamma. Ya faɗi cigiyar da muryar da ake gaisawa da ita. Nan take wani da aka aske masa rabin kai ya ɗago ya ce ya ga jakar a bayan mahauta tana cin ɓawon rake.

A hanyar komawa Baba ya ce, "Mai ciniki ba shi da kunne, Sani. Kak ka ɓata muryakka gare shi. Ka nemi inda mutane ka jira." Abin da na ci abinci da shi ke nan duk rayuwata: bakin rijiya, rumfar wanzami, wurin mai niƙa, tashar mota. Ya kuma koya mini in ba iska baya, in fara da sunan garin mutane kafin in faɗi abin da ya kawo ni, in yi shiru da zarar ladan ya gyara murya, kuma kada in kuskura in yi shela kusa da kara, inda ake cinikin shanu.

Da na samu 'yan kuɗina sai na sayi kayan zamani: lasifika mai baki kamar na kwarya, akwatin murya, makirfo mai doguwar waya, da batirin mota. Duka a kan keke nake ɗaure su. Batirin shi ne sarkin fitina. Ga nauyi, ga zubar da ruwa, ba ni da wando ko ɗaya da ruwan batir bai huda ba. In ya yi sanyi sai in ba wani direban babbar mota, Ɗan'ige, ya haɗa shi da motarsa ya je Gusau ya dawo, ya miƙo mini shi a cike, ni kuma in yi masa kiran fasinja kyauta. Baba Nomau ya zagaya kayan nan sau biyu, ya ƙwanƙwasa lasifikar da ɗan yatsa, ya ce, "Ta iya ƙara. Ta san inda za ta tsaya?" Ya juya ya yi tafiyarsa.

Shekarun nan na farko sai godiya. Masu maganin basir, masu dambe, masu allurar shanu, masu biki, wanda yaronsa ya ɓace a kasuwa, duk ni. Da siyasa ta zo kuwa, har gudun aiki nake yi. Da safe in yabi wannan ɗan takara a Bukkuyum, da yamma in yabi abokin hamayyarsa a Nasarawa Burkullu, da murya ɗaya da batir ɗaya, kowa kuma ya san haka, ba wanda ya riƙe ni a zuci. Har ƙiba na yi, abin da ba a san gidanmu da shi ba.

Sai sojoji suka karɓi mulki, 'yan siyasa suka ɓace kamar ba a taɓa yin su ba. Damina kuma ta zo ta yi mana rowa, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Wanda ke neman abin da zai sa a tukunya ba ya neman mai lasifika. Batirina ya mutu mutuwar da ko Ɗan'ige bai iya tayar da shi ba, sabo kuma ya fi ƙarfin aljihuna. Na rataye lasifikar a ƙusa, zanzaro ya yi gida a cikinta.

A cikin wannan hali ne Bawa mai gyaran keke ya zo gidana. Bawa abokina ne tun muna yara, shi ke liƙe mini taya bashi ba ya tambaya. Mutum ne mai sanyin hali, abu ɗaya ne kawai ke tayar masa da hankali, tattabaru. Ba irin waɗannan na gida da ke yawo tsakar gida suna jiran wuƙa ba. Nasa masu tashi ne, irin da ya gada daga mahaifinsa, waɗanda za ka kai su wani gari a kwando ka sake su, su dawo gida ba tare da sun tambayi kowa hanya ba. Akwai wata mace a cikinsu da yake shafa wa lalle a fiffike, har sunan ya bi ta, ana ce mata Lalle. Shi da wasu masu irin wannan ciwo suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Ƙungiyar Masu Tashin Tattabaru, Bawa ne shugaba. Da yunwa ta shigo, 'yan ƙungiyar suka yi ta sayar da nasu, wasu suka cinye, har aka bar mutum huɗu ko biyar, a cikinsu ma Bawa kaɗai ke da garke na kirki.

Ya zauna ya ce, "Inna ta yanke hukunci."

Inna Hasiya, mahaifiyarsa, ita ke riƙe da mabuɗin rumbu, kuma ba ta magana biyu. Ta kama shi yana ɗibar dawa a hula yana kai wa tsuntsaye, alhali an fara auna wa yara tuwo. Ta ce masa, "Bawa, ni ban ƙi su ba, tsohonka ma haka nis sha hwama da shi. Amma in watan azumi yat tsaya suna cin hatsin gidanga, wallahi da su za mu buɗa baki." Ni ban ga laifinta ba, shi ma bai gani ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Dabarar da ƙungiya ta yanke ita ce a shirya ranar tashi, a tara jama'a su ga abin mamaki, ko Allah zai sa a samu sababbin 'yan ƙungiya masu sauran hatsi da za su ɗauki nauyin tsuntsayen. Saura inda za a yi tallar. Muka zauna a rumfar Bawa, cikin tsofaffin tayoyi, aka yi gardama irin wadda samarin nan suka yi a gabana.

Wani tela a cikinsu ya ce a sa a jarida, don ƙungiya ta yi kwarjini. Na ce masa jaridar da ke zuwa garin nan ba ta fi a ƙirga da yatsu ba, tana isowa labarinta ya riga ya tsufa, kuma ƙarshenta wurin mai tsire. Wani ya ce rediyo. Na ce rediyo za ta kai maganar har inda ba mu sani ba, amma mutumin Nasarawa da muke nema ya cire batirin rediyonsa ya sa a tocila. Ni da lasifikata na so a yi, to amma tana rataye da zanzaro a ciki. Aka tsaya a kan takardar liƙawa a bango. Takarda ba ta gajiya, ba ta neman batir, kuma tana nan tsaye dare da rana. Ni kaina na yarda shawara ce mai kyau.

Aka zo tsara abin da za a rubuta. Sama da ajami, don shi mafi yawan mutane ke karantawa, ƙasa da boko. Sai tela ya ce, "To, haka za mu hwara, ba ko Bisimilla?" Kowa ya ce subhanallahi, wane irin aiki ne za a fara ba sunan Allah, a shekarar da aka fi bukatar albarka. Muka sami wani malami mai kyan hannu ya rubuta Bisimilla cikakkiya a can sama, ya ƙara da salati, ya yi mata ado har da jan tawada. Ba wanda ya ce a'a, har ni. Kai, kyan da ta yi, sai da muka yi ta miƙa wa juna muna kallo.

Ni na kai ta Gusau a motar Ɗan'ige, aka buga mana ita a wata 'yar maɗaba'a bayan kasuwa. Bawa ya sayar da keken da ya fi so aka biya. Liƙawa ma aiki ce. A shekarar arziki da kunun rogo ake liƙa takarda, amma a wannan shekara wa zai shafa wa bango abinci? Na jiƙa ƙaro, inda bangon ƙasa ne kuma na kafe ta da ƙayar aduwa. Na bi Gummi, na bi Nasarawa, Bukkuyum har Anka, duk inda na san mutane na jira na liƙa. Na dawo ƙafafuna sun kumbura, amma raina fari ƙal.

Ranar tashi ta zo. Bawa ya share fili, ya aro tabarmi da benci, ya sa rigar Sallarsa. Muka zauna tun hantsi. Wanda ya zo shi ne mu, sai wata mai sayar da ƙuli-ƙuli da ta ga an shimfiɗa tabarmi ta zaci sadaka za a yi. Rana ta take, ta karkata. Bawa ya naɗe tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na hau keke na bi sawun takarduna. Bangon tasha wayam. Rumfar wanzamai wayam, sai ƙayoyin da na kafa. Na ce akuya ce, to amma akuya ba ta hawa inda na liƙa, kuma ba ta barin ƙaya a jere. A Bukkuyum na tsaya salla a wani masallacin unguwa, ina ta tambayar mutane, sai ladanin, wani dattijo mai fara'a, ya ce, "A'a, kai am mai takardun nan? Taho ka gani." Ya ja ni ciki ya nuna mini rufi. Ga su nan a soke tsakanin azara, an ninke kowace da kyau.

Ya ce, "Mun adana maka su, ko ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. Yo ɗana, sunan Allah a bangon tasha, inda iska ka yaga shi, a taka, awaki su ci? Duk wanda yag gani sai shi ciro shi kawo nan. Ni da kaina nic ciro uku."

Na ce, "Baba, an kuwa karanta abin da ke ƙasa?"

Ya ce, "Wa za shi tsaya karatu, ga sunan Allah cikin rana?"

Gaskiyarsa ce, don ni ma da na ga irin takardar a bangon wani, abin da zan yi ke nan, haka aka rene mu. Na yi masa godiya, ya sa mini albarka. A Nasarawa haka, a Anka haka, a Gummi ma ashe suna rufin masallacin da ni da Bawa muke salla kullum, a saman kanmu. Tallarmu ta fi kowace talla samun girmamawa a ƙasar nan, sai dai ba wanda ya san me take cewa.

Azumi ya matso, Inna ta fara tambayar Bawa ko wuƙar gidan tana da kaifi. Sai na nufi wurin Baba Nomau. Ya tsufa tukuf a lokacin, ba ya fita kasuwa, yana zaune a zaure yana tufka igiya. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har igiyar ta faɗi daga hannunsa. Da ya huce ya ce, "Mi kaka saidawa, Sani?"

Na ce, "Ƙungiya."

"Ƙungiya ba ta da hiffike. Mi kaka saidawa?"

Na ce, "Tashin tattabaru."

"To, ka taɓa ganin mahauci ya bar nama gida ya taho kasuwa da takarda? Kwashi abinka ka kai inda mutane ka jira."

Ranar kasuwar Bukkuyum muka sa Lalle da 'yan uwanta a kwando muka rufe da zane. Ban shiga kasuwa ba, tasha na nufa, da la'asar, lokacin da motar Ɗan'ige ke lodin komawa Gummi. Duk wanda ya taɓa shiga motar nan ya san irin jiran da ake yi. Mutane sun hau kan buhuna sun yi jugum, zufa na zuba, ba abin yi sai kallon juna. Na ba iska baya, na gyara tsayuwa, ba lasifika ba makirfo, sai muryar da Baba ya gina mini.

Na ce, "Mutanen Gummi! Mutanen Nasarawa! Ga wasu hwasinja nan cikin kwando, su ma Gummi za su, amma sun ce motar Ɗan'ige ba ta da sauri!"

Aka fashe da dariya. Ɗan'ige ya leƙo ta taga, ya ce, "Wa yac ce?" Bawa ya ɗaga Lalle sama, ya buɗe fiffikenta kowa ya ga jan lallen. Na ce duk wanda ya sauka Gummi ya biyo mu rumfar Bawa mai keke, in bai tarar da wannan tsuntsuwa a kan katanga ba, ni Sani na yarda a ɗaura mini mangala. Ɗan'ige ya ce in tsuntsu ya riga shi, ya daina tuƙi ya koma jaki. Ya tayar da mota, Bawa ya buɗe kwando. Suka tashi fuu, suka zagaya tasha, kasuwa duka ta ɗaga kai, har masu cinikin da Baba ya ce ba su da kunne. Sannan suka miƙe yamma, ni da Bawa kuma muka haye motar.

Ban taɓa ganin Ɗan'ige ya yi tuƙi irin na ranar ba. Hanyar kuwa kun san ta, rami na gaishe da rami. Mata na salati, maza na ihu a ƙara wuta, wani ya yi ta leƙen sama har hularsa ta tafi. Bawa na gefena ya runtse ido, bakinsa na motsi, don shi ya san akwai shaho a hanya. Muka shiga Gummi kafin magariba, motar ba ta ma tsaya a tasha ba, har ƙofar rumfar Bawa ta kai mu. Ga Lalle a kan katanga tana gyaran gashi, kamar ba ta je ko'ina ba.

Ihun da aka yi ya fito da unguwa duka. Ɗan'ige ya sauko ya cire hula ya gaishe ta. Kowa na son ya taɓa, kowa na tambaya. A matsayina na mai talla, ranar ce ranar da na fi jin daɗi a duniya.

Amma da Bawa ya faɗi abin da ake nema, sai aka fara sosa ƙeya. Masu sha'awa sun cika fili, masu hatsi babu. Wasu suka ce za su karɓi 'yan shila, wato ƙananan da ba su fara tashi ba, su raina a garuruwansu. Wannan ya rage nauyi, amma manyan fa? Su ne matsalar. Duk wanda ka ba babbar tattabara irin ta Bawa, ranar da ya buɗe mata ƙofa ranar za ta dawo gida. Abin da muka tallata, shi ne ya hana a iya ba da su. Mutane suka yi ta jajantawa suna watsewa, na ga Bawa ya zauna a kan wata taya ya riƙe kai.

Mutum ɗaya ne bai tafi ba, wani dattijon Bafulatani da ya biyo motar, ana ce masa Ardo Buba. Rugarsu na cikin fadama, ba nisa sosai da gari. Ya jingina da sandarsa yana kallon tsuntsayen, can ya ce, "Ka ba ni su haɓɓanaye." Haɓɓanaye al'adarsu ce, mutum ya ba ɗan'uwansa aron saniya ya yi kiwo, in ta haihu ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ya ce a fadama akwai ƙwayar ciyawa da ta zube, ga abin da shanu ke watsarwa in an ba su ƙaiƙayi, tsuntsayen daji ne kawai ke cin banza.

Bawa ya ce, "Na gode Ardo, amma ba su zama. Ko ka kai su, gida za su dawo."

Ardo ya dube shi kamar bai gane damuwar ba. Ya ce, "To su dawo mana. Nawa shanun ma kullum sai sun dawo. Wa yac ce maka dabba inda taka kwana nan taka kiwo?"

Bawa ya ɗago kai a hankali. Shekara da shekaru yana kiwon tattabaru, bai taɓa tunanin tura su kiwo ba.

Daga washegari muka kama aiki. Da sassafe, ba a ba su ko ƙwaya ba, mu sa su a kwando, in ɗaura a keken da a da yake ɗaukar batir, mu kai su ruga. Matan Ardo sun share wuri sun tara ƙwayar ciyawa. Su ci su ƙoshi, mu sake su, su riga mu gida. Gobe ma haka. Bawa ya ce a hankali za su gane cewa kwana a gida yake, abinci a ruga. Ni dai tuƙa keke nawa, ina ta addu'a, don ba wanda ya taɓa gwada wannan a garinmu, kuma ba mu da tabbacin tsuntsu zai yi hankalin saniya.

Muna cikin haka aka ga wata. Bawa ya so a ƙara masa kwanaki, Inna ta ce ita ba ta ce a ƙara wa wata kwana ba. Ta yarda da abu ɗaya: in sun je da kansu sun ci sun dawo, sun tsira, in kuwa sai an ɗauke su a keke kullum kamar amare, ko kuma suka zauna suna kallon rumbunta, to magana tana nan.

Ranar farko ta azumi, da gari ya waye, Bawa ya buɗe musu ƙofa, ba kwando ba keke. Suka fito suka jeru a kan katanga suna kallon sa, yana kallon su. Inna ta fito da dutsen wasa wuƙa ta zauna a inda kowa zai gan ta. Hantsi ya yi, suna nan. Wasu ma suka sauko tsakar gida suna tsattsagar ƙasa. Ga azumi, ga fargaba. Can sai Lalle ta karkata kai, ta tashi, ta zagaya gidan, sauran suka bi ta. Suka yi sama, suka nufi wajen fadama, har muka daina ganin su.

Samarin da nake ba labari suka ce, to Baba, wanne ya fi ke nan, takarda ko waya? Na ce ni ban sani ba, ban taɓa riƙe irin wayarku ba. Ku dai tambayi kanku me kuke sayarwa, da inda mutanenku ke jira, da abin da za su yi da tallar in ta shiga hannunsu. Takardunmu na tabbata har yau akwai saura a rufin wani masallaci. Suka ce to tattabarun fa, sun dawo?

Yinin nan ya yi mana tsawo. La'asar ta wuce, babu su. Rana ta yi ja, babu su. Na zauna a gidan Bawa, aka kawo kunu ba sukari aka ajiye, yara suka kewaye kwarya. Bawa ya kasa zama, yana kai da kawowa tsakanin zaure da katanga. Ladan ya kira salla, kowa ya kai hannu ga ludayi, sai muka lura Inna ba ta cikinmu. Tana tsakar gida a tsaye, moɗar ruwa a hannunta ba ta sha ba, ta kafa wa gabas ido, wajen fadama.

Bawa ya ce, "Inna, an kira salla, ki sha ruwa."

Ta ce, "Rufa min baki. Ɗiyan mutane na daji."

Ba ta rufe baki ba muka ji kaɗawar fiffike. Suka zubo kan katanga, Lalle a gaba. Inna ta ajiye moɗar, ta miƙa hannu ta kama ta, ita da ban taɓa ganin ta taɓa tattabara ba sai in za a fige. Ta latsa maƙoƙonta da yatsa, ta ji shi tam da ƙwayar ciyawa. Ta daɗe tana riƙe da ita, sannan ta sake ta, ta ɗauki moɗar ta zuba rabin ruwan a kaskonsu.

Ta ce, "Su hwara sha. Su sunka yi tahiya."